Kasko ko Na'ura: Da Me Za a Soya Dankali a Galtimari?

A daren Litinin 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa ya afka cikin Maiduguri. Galtimari, da ke ƙaramar hukumar Jere kusa da Fori da barikin Giwa, tana cikin unguwannin da ruwan ya ci. An ba da labarin gidajen da suka rushe, da gadojin da suka lalace, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ruwa ya shiga. Akwai kuma wata asarar da ba ta cika shiga labarai ba, amma duk matar da abin ya shafa ta san zafinta, wato asarar kayan kicin. Tukwanen da aka tara tun na aure, da kasake, da murhu, da kayan wutar da laka ta cika wa ciki. Gidaje da yawa sai da suka koma sayen komai daga farko, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Wadda ta shiga Kasuwar Monday neman abin suya a yau za ta tarar da zaɓin da mahaifiyarta ba ta taɓa fuskanta ba. Ga kaskon baƙin ƙarfe, ga na zubi da maƙeran fari suke yi, ga mara kamu mai baƙin shafe a ciki. Can a shagunan kayan wuta kuma ga tukunyar suya mai kwando wadda ake jonawa a bango, ga na'urar da ke suya da iska mai zafi, wadda 'yan kasuwa ke kira eya-firaya. Mai shago zai ce wa Hajiya wannan ba ya shan mai, wancan ba ya ƙona abinci, kuma duka gaskiya ya faɗa. Abin da ba zai tambaye ta ba shi ne wace irin wuta take da ita a gida, da baki nawa take ciyarwa, alhali a kan waɗannan biyun zaɓin ya rataya.

Soyayyen dankali ya isa a yi masa wannan dogon nazari. Shi ne abin buɗe-baki a gidaje da yawa idan azumi ya zo, a haɗa da ƙwai da kunu ko shayi. Shi ne abin da yara ke roƙo a sa musu a kwanon makaranta, kuma shi da doya da awara da ƙosai ne jarin mata da dama da ke kafa murhu a bakin titi da yamma. Sannan abinci ne mai tona asirin kayan aiki. Miya takan rufa wa tukunya mara kyau asiri, dankali kuwa ko dai ya fito ramas, ko ya fito ya sha mai sharkaf, ko bayansa ya ƙone cikinsa ɗanye.

Dalilin yana cikin dankalin kansa. Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Da zarar an zuba shi cikin mai mai zafi, ruwan da ke fatarsa sai ya koma tururi ya riƙa fita da ƙarfi, shi ne wannan ƙara da kumfar da ake ji. Muddin tururin na fita, mai ba ya samun hanyar shiga sosai, fatar tana bushewa tana yin ɓawo, cikin kuma yana dahuwa da zafin ruwansa. Ana samun haka idan man yana tsakanin digiri 160 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyas. To amma mai ba shi da ƙarfin riƙe zafi kamar ruwa, kusan rabin na ruwa yake riƙewa. Idan aka kifa kwano guda na ɗanyen dankali mai sanyi cikin ɗan mai kaɗan a kasko mara kauri, nan take zafin zai faɗi, tururi ya ragu, dankalin ya kwanta yana jiƙa. Duk wani kayan suya mai kyau, ko na maƙeri ne ko na kamfani, aikinsa shi ne ya hana zafin faɗuwa sosai, in ya faɗi kuma ya dawo da shi da sauri.

Mai son ganin wannan a aikace ya tsaya bayan la'asar wurin mai suyar bakin titi a Galtimari ko Fori ko hanyar Bama. Kaskonta mai faffaɗan baki ne, gindinsa zagaye, ya yi baƙi ƙirin don daɗewa a wuta. Yana zaune daram a bakin murhu, ba ya motsi. Man bai cika shi ba, amma saboda zagayen gindin ya taru a tsakiya ya yi zurfi. Dankalin da ta yanka yana cikin ruwa a roba, ta tsame wani kaso a kwando tun ɗazu yana tsanewa. Kafin ta zuba, takan jefa yanki guda ta gani: idan ya nutse ya yi shiru sai ta ƙara ice ko ta fifita gawayi, idan ya taso nan da nan yana kumfa sai ta zuba, daga gefen kasko, ba daga sama ba. Ba ta juyawa da wuri. Tana barinsa ya kama jikinsa tukuna, sannan ta sa dogon cokalinta mai huji-huji ta motsa. Da ta kwashe sai ta girgiza, ta baza a matsami, ta dakata kaɗan man ya sake ɗaukar zafi kafin zubi na gaba. Ba ta da ma'aunin zafi, amma duk ƙa'idar da injiniyoyi suka gina a cikin na'ura tana yin ta da ido da kunne.

Saboda haka kasko ne farkon abin dubawa, kuma abin da ake nema a jikinsa nauyi ne da zurfi. Kaskon baƙin ƙarfe mai kauri yana jinkirin yin zafi, amma in ya yi ba ya saki da wuri. Aibinsa tsatsa. Maganinta kuwa sananne ne: a wanke, a ɗora a wuta ya bushe, a shafa masa ɗan mai kafin a ajiye. Da daɗewa sai man ya gasu a jikinsa ya zama wani baƙin rufi mai santsi, wanda bai kamata a kankare shi da soson ƙarfe ba. Kaskon zubi na alminiyon ya fi saurin ɗaukar zafi da rarraba shi, ba ya tsatsa, kuma in mai kauri ne yana aiki da kyau ƙwarai. Wanda ba ya aiki shi ne ɗan siririn kaskon nan mara nauyi da ake iya lanƙwasa bakinsa da hannu. Yana da araha, amma araha ba ta ado: wuri guda yake ƙonawa, zafi ba ya zama a jikinsa, kuma ɗan taɓi kaɗan ke kifar da shi.

Akwai magana a kan kayan zubi wadda ya kamata a faɗa ba tare da ɓata wa maƙera sana'a ba. Ana narka tsofaffin kayan alminiyon ne a zuba su, kuma abin da ya shiga tukunyar narki shi zai fito a jikin kasko. Idan gwangwanayen lemo ne da tsofaffin tukwane, da sauƙi. Idan aka haɗa da sassan injin mota da lagireto da tarkacen kayan lantarki, dalma na iya shiga. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya sami dalma tana fita daga jikinsu, wani kuma a 2017 ya gwada tukwane 42 daga ƙasashe 10 ya sami irin wannan matsala a cikin da yawansu. Mutanen Arewa ba baƙin gubar dalma ba ne tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka mutu sanadin haƙar zinariya. Na tukunya bai kai wannan ba ko kusa, kaɗan-kaɗan yake shiga, sai dai likitoci ba su san wani adadin dalma da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro ba. An yi gwaje-gwajen ne da ruwa mai tsami, domin tsami ne ke jawo ƙarfen ya fita. Ke nan kaskon zubi da aka ware wa suya ya fi wanda ake dafa miyar tumatir ko tsamiya a ciki sauƙin haɗari. Mai iko ta sayi na baƙin ƙarfe ko silba mai kaurin gindi, wadda kuma na zubi take da shi ta bar shi a suya kawai, kada abinci ya kwana a ciki.

Kasko mara kamu na ƙwai ne da fanke mai ɗan mai. Yawancinsu ba su da zurfi, kuma shafen cikin yana fara lalacewa idan zafi ya wuce digiri 260, abin da ke faruwa cikin 'yan mintuna idan aka manta shi a kan wuta babu komai a ciki. Cokalin ƙarfe ma na kankare shi.

Bayan kasko sai wuta, kuma a nan ne Maiduguri ta bambanta da garuruwan da aka ƙera na'urorin domin su. A watan Janairu 2021 mahara suka fasa turakun babban layin lantarki da ya taso daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake fasawa, garin ya daɗe cikin duhu. Sai a Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar gaggawa mai amfani da iskar gas da kamfanin NNPC ya gina, mai ƙarfin megawat 50. Duk wanda ya zauna a garin a waɗannan shekarun ya koyi cewa abin da ya dogara da soket kaɗai yana iya zama kayan ado na wata da watanni. Gidaje da yawa sun koma sola da janareta, kuma a nan lissafin yake.

Tukunyar suya ta lantarki yawanci tana jan wat 1,500 zuwa sama da 2,000. Eya-firaya tana jan wajen 1,200 zuwa 1,800. Ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai bai kai wat 1,000 ba, don haka ko ɗaya daga cikinsu ba zai ɗauka ba. Inbatar da aka haɗa don fanka da fitila da talabijin ita ma za ta yi ƙara ta ɗauke, in kuma ta daure, batir ne zai biya. Kuɗin wutar kansa ba shi ne matsala ba. Na'ura mai wat 1,500 da ta yi rabin awa tana aiki ba ta cinye yunit guda ba, kashi uku cikin huɗu ne, kuma ko a farashi mafi tsada da aka sanar a Afrilu 2024, naira 225 kowane yunit, bai kai naira 200 ba. Matsalar ita ce a ɗauke wuta dankali yana tsakiyar mai. Mai kasko a kan gas ba ta san wannan ba. Mai na'ura kuwa sai ta tsaya tana kallon dankalinta yana shan man da ke hucewa, ga magariba ta kawo kai.

Wannan ba ya nufin na'urorin ba su da amfani. Tukunyar lantarki tana da abin da kasko ba shi da shi, wato ma'aunin da ke kashe wuta da kansa idan mai ya kai zafin da aka saita, yawanci bai wuce digiri 190 ba. Don haka da wuya man ya kai ga kamawa da wuta. A Ingila, inda tukunyar suyar dankali ta daɗe tana cikin manyan dalilan gobarar gida, 'yan kwana-kwana sun yi shekaru suna roƙon mutane su koma irin wannan na'ura. Tana kuma da kwando da ake ɗaga dankali gaba ɗaya a lokaci guda. Sai dai tana da ƙishin mai: akwai layi a cikinta da dole man ya kai, sau da yawa lita 2 zuwa 3, in bai kai ba ƙarfen da ke zafafa shi yana iya ƙonewa. Ga gidan da ke sayen mai kwalba-kwalba, wannan jari ne babba da za a zuba a bar shi zaune.

Eya-firaya kuwa, in an bi ta a hankali, ƙaramin tanderu ne mai fanka. Kamfanin Philips ne ya fito da ita a baje kolin kayan lantarki na Berlin a 2010, bisa ƙirƙirar wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij. Iska mai zafi ce take kewaya dankalin da aka shafa wa cokali guda na mai, ya gasu har ya yi ɓawo. Ga mai hawan jini ko ciwon suga ko wanda likita ya ce ya rage maiƙo, wannan ba ƙaramin taimako ba ne, kuma a gidan da ke da ƙananan yara rashin tafasasshen mai a buɗe kwanciyar hankali ne. Ɗanɗanon dai ba ɗaya ba ne da na kasko, ya fi kusa da gashi. Babban cikas ɗinta a Galtimari shi ne ciki. Ƙananan ba sa ɗaukar abin da ya wuce cin mutum biyu ko uku, kowane zubi kuma yana cin minti 15 zuwa 25, in aka cusa da yawa iska ba za ta ratsa ba. Amarya da angonta za su ji daɗinta. Gidan mutum goma sha biyu da ke jiran buɗe-baki sai an fara tun azahar.

Wadda ta yanke shawarar sayen na'ura, musamman ta gwanjo, ta juya gindinta ta karanta. Wutar Nijeriya bolt 230 ce. Kayan da aka yi don Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, kuma jona su kai tsaye ƙonewa ne nan take. Sannan a ba ta soket nata a bango. Siririyar wayar jone-jone da ake caja waya da ita ba ta ɗaukar wannan nauyin, zafi take yi ta narke.

Ga mafi yawan gidaje, ke nan, zaɓin na tsakanin gas da gawayi ne, tunda kananzir ya yi tsadar da risho ya ja baya. Gas ya fi dacewa da suya saboda ana iya ƙara shi lokacin da aka zuba dankali a rage shi lokacin da aka kwashe. Abin tsoro shi ne ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 wadda ake ɗaura wa murhu a ka. Doguwa ce, kanta ƙarami, idan aka ɗora mata faffaɗan kasko cike da mai, gefen zani ko hannun yaro ya isa ya kifar da shi. Murhu mai gajerun ƙafafu da ake haɗawa da tiyo ya fi aminci nesa ba kusa ba. A riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyon a ga ko zai yi kumfa, a kuma duba shekarar da aka buga a jikin silinda, domin hukumar SON ta ƙayyade musu shekara 15. Gawayi a kurfoti yana ba da zafi mai ƙarfi mai ɗorewa, kuma kasko mai zagayen gindi yana zama a kansa da kyau. Ba a rage shi da maɓalli, sai an janye garwashi, don haka yana son mai tsayawa a kai. A tsakar gida ake hura shi. Lokacin hunturu wasu kan ja kurfoti cikin ɗaki su rufe ƙofa, alhali gawayi na fitar da iskar guba mara wari wadda ke kashe mutum cikin barci. Matan Barno, da suka san darajar turaren wuta a ɗaki, suna da ƙarin dalilin barin ƙaurin mai a waje.

Ƙananan kayan ba su da tsada, kuma su ne aka fi mantawa. Wuƙa mai kaifi da katako sun isa yanka, abin da ake so dai kauri ya zo ɗaya, kamar na ɗan yatsa ƙarami, don su soyu tare. Injin yanka mai raga da ake dannawa yana da amfani ga mai sana'a. Cokali mai huji ya zama mai dogon hannu. Sai matsami na ƙarfe, ba roba ba, da tsumma mai tsabta na goge dankali bayan an tsame shi daga ruwa. Jiƙawar tana wanke sitacin da ke sa yankan mannewa, gogewar kuma tana hana mai fantsama. Yawancin man da dankali ke sha yana shiga ne bayan an kwashe, lokacin da yake hucewa, shi ya sa girgizawa da bazawa nan take suke da muhimmanci. Zuba shi da zafinsa a kula a rufe kuwa yana mayar da shi laushi, domin tururinsa ne zai koma masa. Jarida ba abin tsane mai ba ce, tawada na bin abinci.

Ma'aunin zafi na girki, wanda ke kaiwa digiri 200 ko fiye, ya cancanci kuɗinsa ga wadda hannunta bai faɗa ba tukuna. In babu, ɗan gutsuren burodi da ya yi ja cikin kusan minti ɗaya alama ce mai ya yi daidai. Zafin da ya wuce kima yana da illar da ta fi ɗaci a baki. A 2002 masana a ƙasar Suwidin suka sanar cewa abinci mai sitaci da aka soya ko aka gasa da zafi sosai yana haifar da wani sinadari, akrilamaid, wanda hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2017 da ta umarci masu sayar da abinci kada su wuce digiri 175 wajen suyar dankali, kuma su kwashe shi yana ruwan zinariya. Wannan illa ta shafi eya-firaya ma. Dankalin Hausa, da yake ya fi zaƙi, ya fi saurin yin duhu, sai a rage masa wuta.

Mutanen Beljiyam, da suka yi suna a wannan abinci, sau biyu suke suya: ta farko a mai mara zafi sosai don ciki ya dahu, a kwashe ya huce, ta biyu a mai mai zafi don ɓawo. Matan da ke ɗan tafasa dankali da gishiri su tsane shi kafin suya hanya guda suka bi, kuma tasu ta fi tsimin mai.

Shi kansa dankalin turawan da ake ci a Maiduguri yawanci daga Filato yake zuwa, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda sanyin tsauni ya karɓe shi, kuma a Kuru kusa da Jos akwai tashar binciken dankali ta cibiyar binciken saiwoyi ta ƙasa. Tafiyar kusan kilomita 600 ce ta Bauchi da Potiskum da Damaturu. Iri ya bambanta: Nicola mai ɗan danƙo ne, ya fi kyau a miya da fate, Diamant ya fi gari, ya fi karɓar suya. A kasuwa ba a cika faɗin iri ba, sai a zaɓi manya masu tauri. A zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, dankali ba ya jimawa, gara a sayi na 'yan kwanaki a baza shi a inuwa. Wanda ya yi kore ko ya yi tsiro yana da guba a wurin, a yanke da zurfi ko a zubar. Daɗewa a firji kuma yana juya sitacinsa ya zama sukari, sai ya yi duhu a kasko tun bai dahu ba.

Mai shi ne kayan aikin da ake saya kullum. Man gyaɗa na masu ƙuli yana da ƙamshin da na kamfani ba shi da shi, amma da yake ba a tace shi sosai ba yana saurin hayaƙi, yana kuma kumfa, shi ya sa ake fara soya albasa a ciki. Mai irin wannan yana buƙatar kasko mai sarari a sama. Tataccen mai na kamfani yana jure zafi har wajen digiri 230 kafin ya yi hayaƙi, mai rajista kuma yana ɗauke da lambar NAFDAC da alamar ido ta bitamin A. Ko wanne ne, a tace shi da rariya bayan ya huce, a rufe, a ajiye inda rana ba ta bugu. Gishiri da burbushin da ya ƙone suna saurin kashe mai, don haka barbaɗa gishiri da yaji bayan an kwashe ya fi. Ƙasashen Turai da dama suna hana gidajen abinci amfani da man da lalatattun sinadarai suka kai kusan kashi 25 cikin 100 a cikinsa. A gida ido da hanci ne ma'auni: idan ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo, yana kumfar da ba ta kwanciya ko yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya gama aiki. Wanda aka soya kifi da shi a ware masa kwalbarsa.

Saura abu guda da ya kamata a saya rana ɗaya da kasko, wato murfin ƙarfe da zai rufe bakinsa ruf. Mai da ya wuce digiri 300 yana iya kamawa da wuta, kuma abin da hannu ke fara kaiwa gare shi, ruwa, shi ne mafi muni. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasa ya koma tururi nan take, kuma lita guda ta ruwa tana zama kusan lita 1,700 ta tururi, wanda zai watsa mai mai ci da wuta har rufin ɗaki. Abin yi shi ne a kashe gas, a zura murfi daga gefe a rufe, a bar shi ya huce aƙalla rabin awa, kada a ɗauka a ce za a fita da shi. Tun farko ma kada mai ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin kasko, kuma hannun kasko ya kalli bango. Idan mai ya zuba wa mutum, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, sannan a nufi asibiti in ƙunar babba ce ko ta yaro ce. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja da ake shafawa ba sa warkarwa, datti suke ƙarawa.

Idan aka auna duka, gidan Galtimari mai yawan jama'a da wutar da ba ta da tabbas ya fara da kaskon ƙarfe mai nauyi da zurfi, da murfinsa, da murhu mai gajerun ƙafafu, da cokali mai dogon hannu, da matsami. Kuɗinsu gaba ɗaya yawanci bai kai na na'ura guda ba, kuma za su soya doya da ƙosai da awara da kifi. Mai sana'a ta ƙara girman kasko da injin yanka. Eya-firaya ta ƙaramin gida ce mai sola mai ƙarfi ko mara lafiyar da aka hana maiƙo, tukunyar lantarki kuma ta wanda ke da tsayayyar wuta da halin zuba lita 3 ta mai a lokaci guda. Kafin Hajiya ta biya kuɗin kowace na'ura, ta karanta adadin wat da bolt da aka rubuta a gindinta, ta gwada da ƙarfin inbata ko janaretan gidanta.